Yadda Za A Zaɓi Rile Domin Famfon Ruwa Da Wutar Sola A Ƙauye

'Yan'uwa manoma da 'yan kwamitin ruwa, duk wanda ya girma a karkarar arewacin Kano ya ga yadda ɗiban ruwa ya sake kama sau da dama cikin zamani ɗaya. Iyayenmu da jigo suka yi lambu, da guga da igiya kuma suka shayar da gida da dabbobi. Bayan farin 1972 da 1973, aikin madatsun ruwa da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako ya ƙara ƙarfi, har aka sami irin su Tomas ta wajen Dambatta, da Watari ta Bagwai, da Gari ta wajen Kunchi. Cikin shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur a fadamu. A watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu. Sai manoma da yawa da masu kula da rijiyoyin burtsatse suka juya ga famfon lantarki da farantan sola.

Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa abin koyo. Injin fetur kowa ya san ciwonsa: ko fulogi, ko kafireto, ko mai. Famfon lantarki kuwa ciwonsa yana cikin akwati a rufe. A cikin akwatin nan akwai wani ɗan abu wanda sau da yawa bai fi kwalin ashana girma ba. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na famfo. Amma in an saye shi ba daidai ba, shi ne zai ƙona famfon da jama'a suka yi karo-karo suka saya, ya mai da mata da yara ga tulu da tafiya mai nisa. Sunansa rile.

Ba mu rubuta wannan domin kowa ya zama mai gyaran wuta ba. Mun rubuta domin wanda ya riƙe kuɗin jama'a ya san abin da zai tambaya kafin ya biya.

Mene ne rile?

Ku duba yaron da ke jan shanun noma. Ba shi da ƙarfin jan garma ko taku ɗaya. Amma da 'yar igiyar da ke hannunsa yana sa bijimai biyu su tashi, su tsaya, su juya. Haka rile yake. Makunni ne wanda ƙaramar wuta ke sarrafa shi, shi kuma ya buɗe ko ya rufe hanyar babbar wuta.

In aka fasa shi za a ga abu biyu. Na fari shi ne naɗi, wato siririyar wayar tagulla da aka naɗe a jikin ɗan ƙarfe. Masu gyara suna ce masa kwayil. Da wuta ta shiga naɗin, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu. Na biyu shi ne baki, wato 'yan ƙarafa biyu masu kai kamar ƙwayar dawa. Maganaɗisun yakan jawo ɗaya ya haɗe da ɗaya, sai babbar wuta ta wuce. In aka ɗauke wutar naɗin, sifirin ya janye su, hanya ta yanke.

Kun riga kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da sitabilaiza ke yi sa'ad da wuta ke hawa da sauka, rile ne ke aiki. A mota, shi ne ke tsakanin maɓallin oda da odar kanta. Babur mai tashi da maɓalli ma yana da nasa kusa da batir.

Ba sabon abu ba ne. Wani masani a Amurka mai suna Joseph Henry ya gwada shi a 1835, aka kuma yi amfani da shi wajen buga waya ta tangarahu. In saƙo ya yi tafiya mai nisa ƙarfinsa ya ragu, sai rile ya karɓa ya tura shi gaba da sabon batir, kamar yadda manzon sarki ke sake doki a zango.

Akwai babban yayansa da ake kira kwantakta. Aikinsu ɗaya ne, sai dai an ƙera kwantakta musamman domin manyan injuna.

Awo uku da ya kamata a sani

Kafin mu ci gaba, tilas mu san awo uku, gama su ake rubutawa a jikin kayan wuta.

Bolt, wanda ake rubuta shi da harafin V, shi ne ƙarfin turin wuta. Kamar tsawon hasumiyar tanki ne: iyakar tsawonta, iyakar ƙarfin ruwan da ke saukowa.

Amfiya, harafin A, ita ce yawan wutar da ke wucewa, kamar yawan ruwan da ke bi cikin bututu.

Wat, harafin W, shi ne aikin da ake samu. In an ninka bolt da amfiya za a sami wat. In kuma an raba wat da bolt za a sami amfiya. Dokin inji ɗaya wat 746 ne.

Wuta kuma iri biyu ce. Ta batir da ta farantin sola hanya ɗaya take bi, ana rubuta ta DC. Ta janareta da wadda muke kira ta NEPA, ko da yake kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa, ita kai da komowa take yi sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ana rubuta ta AC. A ƙasar nan ƙarfinta na ƙa'ida a gida bolt 230 ne.

Yanzu ga tambayoyi biyar da za a amsa kafin a sayi rile.

Tambaya ta ɗaya: Wace wuta ce za ta ja naɗin?

Kowane naɗi da wutarsa. Akwai na 12V DC, da na 24V DC, da na 230V AC, da waɗansu. In aka ba na 12 wuta ta 24, zai yi zafi ya ƙone. In aka ba na 24 wuta ta 12, ba zai ja ba, ko kuwa ya ja da rauni. In aka ɗora naɗin AC a kan wutar batir mai ƙarfi ɗaya da nasa, ƙonewa zai yi nan da nan. Saboda haka sai lamba ta yi daidai, haruffan ma su yi daidai.

A lura da wutar da ake samu a zahiri, ba wadda ke takarda ba. Bisa ga ƙa'idar masu ƙera kwantakta, yana ja sosai daga kashi 85 zuwa kashi 110 cikin 100 na wutar naɗinsa. Ga na bolt 230, wato daga wajen 196 zuwa 253 ke nan. Ƙauyen da ke ƙarshen doguwar waya, da yamma wutarsa takan faɗi ƙasa da haka. Sa'an nan za a ji kwantakta yana karkarwa, yana kamawa yana saki da sauri. Kowace kamawa da saki tartsatsi ne a baki, girgiza ce kuma ga inji. Maganin wannan shi ne a sa na'urar tsaro da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta jira 'yan mintoci kafin ta mayar.

Masu wutar batir kuma su tuna cewa naɗi ma yana da nasa ci. Rilen mota na bolt 12 yakan ci wajen amfiya 0.15. In ya zauna a jawe dare da rana, cikin awa 24 ya sha amfiya-awa 3.6 daga batir ba tare da ya haska ko fitila ɗaya ba. Ga ƙaramin batir wannan asara ce. Ƙananan rile na cikin allon na'ura suna cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan. In aikin mai sauƙi ne, sun fi dacewa.

Tambaya ta biyu: Wane irin kaya bakin zai ɗauka?

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya duba famfonsa ya ga yana cin amfiya 6. Ya duba rile ya ga an rubuta 10A da manyan haruffa. Sai ya ce goma ta fi shida, ya saya. Bayan 'yan watanni baki ya narke.

Dalili kuwa shi ne, lambar nan ta 10A an auna ta ne da kaya mai sauƙin hali, irin na hita ko dutsen guga, wanda cinsa ɗaya ne daga fari har ƙarshe. Injin lantarki ba haka yake ba. Kowane mai amalanke ya sani, wuyar aiki a tashi take. Da zarar ƙafa ta soma juyawa, sai abu ya yi sauƙi. Haka inji, sa'ad da zai tashi daga tsaye yakan ja wuta sau 5 zuwa 7 na cinsa na kullum. Famfon sumo mai doki ɗaya a kan bolt 230 yakan ci amfiya 5 zuwa 7 yana cikin tafiya. A lokacin tashi kuwa yana iya fizgar amfiya 30 ko fiye, na ɗan ƙiftawar ido. Wannan fizga tana faɗawa ne daidai lokacin da baki ke haɗuwa. Wajen kashewa ma inji yakan tofo wuta baya, ta yi tartsatsi. Ɗan rile mai 10A a kan irin wannan famfo, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ga ƙa'ida mai sauƙi:

1. Ga hita da makamantanta, a zaɓi rile wanda lambarsa ta fi cin kayan da rabi ko fiye. In kaya na cin 6, a sa mai 10.
2. Ga ƙaramin inji, a nemi inda aka rubuta ƙarfin doki a jikin rilen, da haruffan HP. In ba a rubuta ba, kada a ɗora masa injin da cinsa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na lambarsa.
3. Ga famfo ko injin niƙa mai rabin doki zuwa sama, a sa kwantakta. A jikinsa za a ga lamba biyu. Ta AC-1 babba ce, ta kaya mai sauƙin hali ce. Ta AC-3 ƙarama ce, ita ce ta inji. AC-3 za a duba, ta kuma ɗara abin da aka rubuta a farantin jikin injin.

Fitilun zamani masu ƙarancin ci, da caja, da inbata, su ma suna fizgar wuta sa'ad da aka kunna su. In za a kunna da yawa a lokaci ɗaya, a ba su rile mai sarari.

Tambaya ta uku: Wutar AC zai yanke ko ta DC?

Wannan tambaya ta shafi duk mai sola, kuma rai na iya rataya a kanta.

Duk sa'ad da baki ya rabu yana ɗauke da wuta, ɗan harshen wuta yakan tashi tsakanin ƙarafan, irin na mai walda amma ƙarami. Wutar AC, da yake kai da komowa take yi, tana sauka zuwa babu sau 100 cikin daƙiƙa. A nan harshen yake samun damar mutuwa da kansa. Wutar DC ba ta sauka. In turinta ya yi yawa, harshen zai ci gaba da ci, ya narkar da baki, ya kama roba, ya cinye akwati.

Shi ya sa za ku ga a jikin ƙaramin rile an rubuta 10A 250VAC, a ƙarƙashi kuma 10A 30VDC. Abu ɗaya ne, amma a wutar janareta yana iya yanke bolt 250, a wutar batir kuwa 30 kaɗai.

To, babban farantin sola ɗaya yakan ba da bolt 40 zuwa 50 in ba kaya a kansa. In aka jera shida ɗaya bayan ɗaya domin famfo, an kusa 300 ke nan. Kada ko kusa a sa rilen mota, ko kwantaktan AC, ko makunnin bango a kan wannan waya. Abin da ake sawa shi ne makunnin da aka ƙera domin DC, wanda lambarsa ta fi ta farantan gaba ɗaya. A tuna kuma, muddin rana tana sama, faranti ba ya kashewa.

Tambaya ta huɗu: Baki nawa, a buɗe ko a rufe?

Baki iri biyu ne. Wanda aka rubuta wa NO a buɗe yake, sai an ja naɗi ya rufe. Wanda aka rubuta wa NC a rufe yake, sai an ja naɗi ya buɗe. Ƙafar da aka rubuta wa COM ita ce ta tsakiya, wadda ke zuwa ga wannan ko wancan.

A rilen mota lambobi ake sawa, kowane mai rewaya ya san su. Ƙafa ta 85 da 86 na naɗi ne. Ta 30 ita ke karɓar wuta daga batir. Ta 87 ita ce a buɗe, ta 87a kuma a rufe. Mai ƙafa huɗu ba shi da 87a. Akwai kuma mai ƙafa biyar wanda 87 biyu gare shi maimakon 87a, saboda haka a duba zanen da ke jikinsa, kada a ƙirga ƙafafu kawai.

Wanne za a zaɓa? A tambayi kai: in ɓera ya ci waya, ko akuya ta fizge ta, me nake so ya faru? Ga famfo, tsayawa muke so ya yi. Saboda haka a bi ta bakin NO. In waya ta tsinke, famfo ya tsaya, jama'a su ga ba ruwa su bincika. In aka bi ta NC, waya ta tsinke da dare, famfo zai kwana yana aiki, tanki ya malala, rijiya ta ƙafe, inji ya ƙone.

Gidan da ke da wutar gari da janareta kuma, hanyoyin biyu ba su haɗuwa har abada. In da kwantakta biyu za a yi canjin, tilas a sa musu kulle tsakaninsu, yadda ɗaya ba ya iya rufewa sai ɗaya ya buɗe. In ba haka ba janareta zai ƙone, ko kuwa wutarsa ta bi wayar gari ta kashe ma'aikacin da ke bisa falwaya yana zaton ba wuta.

Tambaya ta biyar: A ina zai zauna, sau nawa kuma zai yi aiki?

Ƙasarmu tana da zafi da ƙura. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ke duka. Tagulla in ta yi zafi tana ƙara tauye wuta, wajen kashi 4 cikin 100 ga kowane digiri 10. Ashe rilen da ke ja da kyau da sanyin safiya yana iya yin sanyin jiki da azahar. A kafa akwati a inuwa, a jikin bangon da rana ba ta dukansa, a bar masa 'yan kafofin iska ta ƙasa, a rufe su da raga saboda ƙadangaru da zanzaro da tururuwa. Ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin baki tana hana shi haɗuwa sosai, daga nan zafi ya tashi. A zaɓi rile mai rufaffen jiki. Da damina kuma a tabbata ruwa ba ya bin waya ya gangara cikin akwati.

Baki yana da iyakar kwanansa. Yawancin ƙananan rile an ƙiyasta za su buɗe su rufe wajen sau 100,000 da cikakken kaya. In sau 10 yake aiki a rana, ya fi shekara 27 ke nan. In kuwa sau 500 ne, kwana 200 ya gama. Abin da ke jawo yawan kunnawa a tanki shi ne makunni mai iyo da aka ɗaure igiyarsa gajere. Ruwa ya ɗan ragu famfo ya tashi, ya ɗan ƙaru ya tsaya. A saki igiyar yadda sai tanki ya ragu sosai kafin famfo ya tashi. Wannan yana tsawaita ran rile da na famfo gaba ɗaya.

Akwai wani iri marar baki marar ƙara, wanda ake rubuta wa SSR. Ba ya gajiya da yawan kunnawa, amma yana fid da zafi wajen wat ɗaya ko ɗaya da rabi ga kowace amfiya, sai an ɗora shi a kan ƙarfen sanyaya. In ya lalace kuma, yawanci a kunne yake mutuwa. Ga famfon ƙauye kwantakta ya fi sauƙin samu da sauƙin gyara.

Rile ba mai tsaro ba ne

Rile umarni yake bi, ba ya tsare komai. Yana bukatar abokan aiki.

Na fari fis, ko makunni mai faɗuwa da kansa. Shi ke tsare waya daga gobara. A wutar batir, a sa shi kusa da kan batir.

Na biyu rilen obalodi, wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin kwantakta. In inji ya soma cin wuta fiye da kima, ko don yashi ya shaƙe famfo, ko don wuta ta yi ƙasa, shi ne zai yanke. Yana da ɗan abin juyawa mai lambobi. A tsai da shi daidai kan amfiyar da ke farantin jikin injin. In ya yanke, a nemi dalili. Kada a ƙara masa lamba don a huta da shi.

Na uku dayod, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, irin mai lamba 1N4007. Naɗin DC in aka ɗauke masa wuta yakan yi harbi baya, harbin kuwa yana kashe na'urori masu laushi irin na agogon kunnawa. Ana haɗa dayod a ƙafafun naɗin, gefen da ke da zobe yana duban wayar da ke da alamar ƙari. Ba a sa shi a naɗin AC.

Misalai uku

A ce wata unguwa tana da rijiyar burtsatse da sumo mai doki ɗaya, an rubuta 6A a jikinsa, da tanki a sama, ana aiki da janareta. Makunni mai iyo ba shi zai ɗauki famfo ba. Shi zai ja naɗin kwantakta, kwantakta ya ɗauki famfo. Mai 9A ko 12A a ƙarƙashin AC-3 ya isa, da rilen obalodi da aka tsayar a kan 6. Abin da ya fi kyau, naɗin ya zama na bolt 24, a sa masa ɗan taransifoma. Ta haka wayar da ke hawa hasumiyar ƙarfe ta shiga ruwan sha ba ta ɗauke da wutar da ke kisa. Wannan ita ce babbar fa'idar rile.

A ce kuma ɗakin shan magani ne ko gidan kaji mai batir na bolt 12, da ɗan famfo mai wat 60. Raba 60 da 12, amfiya 5 ke nan. Rilen mota mai 30A zai ɗauke shi har da fizgar tashi, a sa fis mai 10A. Amma in inbata ce mai wat 1,000, raba da 12, ya haura amfiya 80. Rilen mota ba zai iya ba. A kunna ta da makunninta.

A ce kuma mai lambu ne a fadama da faranti shida da famfon sola. Irin wannan famfo yana zuwa da akwatin sarrafa shi, a ciki kuma yawanci akwai 'yan ƙafafu da aka tanada domin tanki ya cika da domin rijiya ta ƙafe. A nan ake haɗa makunni mai iyo ko ƙaramin rile, gama wutar wurin kaɗan ce. Akwatin da kansa zai tsai da famfo a hankali. Ba a yanke wayar faranti, ba a kuma yanke wadda ke tsakanin akwati da famfo yana cikin aiki.

In an je saye

Ko a Sabon Gari za a saya, ko a Ƙofar Ruwa, ko a shagon Bichi ko Dambatta, a tafi da tsohon a hannu, da lambobin jikin famfo a rubuce. A karanta duk abin da ke jikin sabon, ba babbar lamba kaɗai ba. A sa mai shago ya ba naɗin wuta a ji ƙarar kamawa, a kuma auna baki da mita a ga yana haɗewa yana rabuwa. A ɗaga shi a hannu: wanda aka rage wa tagulla ba ya da nauyi. In rubutun jikinsa yana gogewa da yatsa, ko kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na saura, a bar shi. Araha ba ta ado. In hali ya yi a sayi biyu a ajiye ɗaya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Alamun ciwo, da abin da ba a yi

In kwantakta yana karkarwa ko yana gurnani, wuta ta yi ƙasa ko ƙura ta shiga. In famfo ya ƙi tsayawa bayan an kashe, baki ya manne, a yanke wuta daga babban makunni nan take. In ana jin ƙaurin roba, ko waya ta yi baƙi a wurin ɗauri, ƙusa ta saki ko kaya ya yi yawa.

Kada a danne kwantakta da tsinke ko ƙusa don a tilasta masa aiki. Yin haka cire wa famfo dukan tsaronsa ne. Kada a maye fis da wayar tagulla. Kada a goge baki da fayil a ce an gyara, gama ɗan abin da aka shafa a kansa ne ake kankarewa. Kada a taɓa cikin akwati sai an yanke wuta an kuma gwada da mita, balle ana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa. A tabbata an binne wayar ƙasa an haɗa ta da akwati da hasumiya. A sa wa akwati kwaɗo saboda yara.

Shawararmu ga kowane kwamiti ita ce, a sami littafi a rubuta lambobin famfo, da na kwantakta, da inda aka tsai da obalodi, da ranar da aka sa kowane abu. A kwafi lambobin a manna a cikin murfin akwati. A zaɓi saurayi ɗaya ko biyu su tsaya kusa da mai gyara duk ranar da ya zo, su gani su koya. In mai gyara ya ce a sayo rile, a zaunar da shi a yi masa tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san aikinsa zai amsa da murna. Wanda ya kasa amsawa kuwa, a nemi wani kafin a ba shi famfon jama'a.